Karen Ruwan da ke Rijiyar Alu

Zuwa ga shugabannina na ofishin ayyuka da ke Jega, musamman Malam Daniel, babban akawu, da waɗanda ke sama da shi har zuwa Sakkwato. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya. Ni ne Kalilu ɗan Usmanu Magini, masinja, wanda ya kammala ajin yaƙi da jahilci bara, aka kuma yaba da kyan hannunsa a bainar jama'a. Wannan littafi nawa ne na kaina, ban rubuta shi don idon kowa ba. Amma da yake al'amarin da ke cikinsa babba ne, ya shafi hukuma ya shafi ilimi, na ga ya dace in fara da ambatonku, domin idan ranar bincike ta zo a iske komai a jere.

Litinin, 8 ga Maris, 1982, da hantsi

Jiya na je gida Tungar Yaro, kusa da Birnin Malam, domin duba rijiyar da wana Alu yake gina wa mutanen tunga. Tsohuwar ta rufta da damina, mata suna zuwa har fadama neman ruwa. Alu shi ya gaji sana'ar mahaifinmu. Ni kuwa Allah ya zaɓa mini aikin gwamnati.

Ban iske shi a bakin rami ba. Yana hutawa a zaure saboda ɗan tari. Muntari, abokin aikinsa tun suna samari, shi ya nuna mini abin da suka tono. Dutse ne mai girman kan tunkiya, amma da ramin idanu, da haƙora a jere, biyu daga ciki dogaye kamar na kare. An ajiye shi a gefen rami an rufe da buhu.

Wajibi ne in bayyana wa shugabanni wata al'ada ta gidanmu. Mahaifinmu ya bar wa magina doka cewa duk abin da aka iske cikin rami, ko tsingaro ko munduwa ko ƙashi, ba a tafiya da shi. A gaishe shi, a mayar da shi cikin ɗaurin rijiya, wato ginin duwatsun da ke jikinta, daidai inda aka same shi, domin ya riga mu zama a wurin. In ba haka ba, wai ruwa ya juya baya. Kuma idan aka cim ma ruwa, ƙwaryar farko ta wanda ya fara sara ce, ana ce mata ruwan fari. Kafin in yi karatu ni ma na yarda da duka wannan.

Na naɗe dutsen cikin buhun na ɗaure a keke. Zan rubuta maganar Muntari yadda ya faɗe ta.

“Masinja, ina za ka da shi?”

Na ce, wurin hukuma.

“Hukuma ta aiko ka?”

Na ce masa ma'aikaci na ƙwarai ba ya jiran aike.

“To ka ji da kyau. Ba mu sake sa ƙahwa ramin ga sai ya komo.”

Alu da ya ga dutsen sai ya yi dariya har tarin ya taso masa. Ya shafa haƙoran ya ce, “Karen ruwa na. Irin wanda munka gani gulbi muna yara. Kai musu su gani, ƙanena, amma ka maido shi Jumma'a. Na ji sanyin laka ga tahin ƙahwata, ruwa ba su da nisa.” Ya ƙara da cewa wannan ita ce rijiyarsa ta ƙarshe, kuma yana son ya sha ruwan farinta. Na ce masa mutum ba ya faɗin haka, kuma tari ba ciwo ba ne.

Talata, 9 ga Maris, bayan azahar

Yau rana ce da ya kamata a tuna. Na ɗora dutsen a teburin Malam Daniel, ya cire tabarau ya mayar. Har direba da mai shara suka shigo kallo. Ya rubuta takarda zuwa Sakkwato a turo masani, kuma sunana yana ciki, na gani da idona, an rubuta shi daidai. Sa'an nan ya ba ni makullin ƙaramin kabad ya ce, “Kalilu, kai ka kawo shi, kai ne mai tsaronsa. Kada ya bar hannunka har masanin ya zo.”

Ban taɓa riƙe makullin hukuma ba sai yau. Na rataye shi a wuya.

Na aika wa Alu cewa Jumma'a ba za ta yiwu ba.

Jumma'a, 12 ga Maris, da la'asar

Masanin bai zo ba. An ce mini Alu yana hutawa.

Lahadi, 14 ga Maris, bayan magariba

Tun da an ce kada dutsen ya bar hannuna, ba a ce kada hannuna ya yi tafiya ba, na kai shi Maiyama wurin Malam Zacchaeus. Shi ne ya koya mini karatu kafin a mayar da shi makarantar can. Ya yi murna da ganina, ya ce rubutuna ya miƙe.

Ya ɗauko wani babban littafi ya nuna mini zanen wata dabba tana kwance a bakin ruwa, gajerun ƙafafu, doguwar wutsiya. Ya ce ta rayu tun ba a yi mutane ba. Jikinta ya yi kama da na damo ko kada, amma haƙoranta iri-iri ne kamar na kare, akwai na yanka, akwai fiƙa, akwai na tauna. Rabin rayuwarta a ruwa, rabi a tudu. Irinta duk sun ƙare, ba ta bar ɗa ba ta bar jika mai kama da ita ba, sai ƙasusuwanta da suka zama dutse, waɗanda aka tono a wasu ƙasashe. Ya ce shi ba zai rantse wannan ita ce ba, mai yiwuwa wani tsohon kada ne, masani ne zai faɗa. Amma ni da na dubi zanen na dubi dutsen, na tabbata.

Na tambaye shi, ina ruwan da za ta zauna a Tungar Yaro, inda ko kwaɗo sai da damina? Ya ce ƙasa tana sauyawa, inda ake noma gero yau ana iya samun a dā ruwa ne iyakar gani. Na yi ta tunanin wannan a hanya. Ko a zamanina akwai tafki bayan tunga wanda ba ya ƙafewa sai an ci kasuwar albasa. A nan Alu ya koya mini iyo, yana tallafe da cikina yana cewa in daina shan ruwan mutane. Yanzu gonar wani ce.

A kan hanyar dawowa akwai yashi, akwai kuma akuya. Keken ya kife, dutsen ya zama biyu.

Litinin, 15 ga Maris, da safe

Ba ni na zuba yashi a hanyar Maiyama ba.

Laraba, 17 ga Maris, bayan la'asar

Na yi shawara da kaina cewa abin da ya karye ƙashi ne, ko da ya zama dutse, kuma duk ƙasar nan an san inda ake kai karaya. Na nemi izinin rabin yini na tafi Aliero. Garin duk warin albasa, an kasa ta tuli-tuli a bakin hanya. Na iske Baba Ɗahiru maɗori a zaurensa, wanda ya taɓa ɗora wa mahaifinmu hannu, yana gama ɗaure ƙafar wani Bafillace.

Ya ce, “Ɗan Usmanu, ina majinyacin?”

Na buɗe buhu. Ya daɗe yana kallo.

“Yaushe ya karye?”

Na ce Lahadi.

“Yaushe ya mutu?”

Na ce tun ba a yi mutane ba.

“To kun yi jinkirin kawo shi,” in ji shi. Mutanen zaure suka yi dariya, wadda ban ga dalilinta ba.

Na bayyana masa cewa kayan hukuma ne. Ya ce shi ya ɗora mutum, ya ɗora doki, ya ɗora raƙumi, kuma gidansu ba a mayar da karaya ƙofa. Ya yi bisimilla, ya laluba bakin karayar da yatsa har ɓangarorin suka zauna da juna, muƙamuƙin ya koma daidai kamar ba abin da ya faru. Ya shafe shi da man shanu, ya yi tofi, ya jera tsagin kara kewaye da shi, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau.

“Kada ya sha rana, kada ya motsa. Kuma ba mai kwance shi sai ni, ranar da na ga dama. In wani ya kwance, ba ruwana.”

Na koma Jega da kwanciyar rai. Wannan shi ne amfanin tunani.

Jumma'a, 19 ga Maris, da hantsi

Malam Daniel ya tambaya wa ke ajiye abinci a ofis. Tururuwa sun yi layi zuwa kabad. Na share su. Masanin bai zo ba.

Lahadi, 21 ga Maris, bayan magariba

Na je gida. Na yi sallama a dandali, aka amsa mini a taƙaice, ba wanda ya matsa mini a tabarma. Ramin yana nan an gitta masa itace da ƙaya saboda awaki. Igiya tana naɗe a jikin gwafa.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta dawo daga fadama da tulu, ga shekarunta. Na miƙa hannu in sauke mata ta kauce.

“Bari, kada kakin gwamnati ya jiƙe. Ina dutsin mutane?”

Na ce yana ƙarƙashin kulawar hukuma.

“Hukuma ta ka ɗebo muna ruwa? Kai Kalilu, ka shiga ka dubi wanka da idon da Allah ya ba ka, ba na takarda ba.”

Na shiga. Alu yana hutawa. Rigarsa ta yi masa yawa, ina ganin telan ne ya ɓata ɗinkin. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in ba shi labarin karen ruwansa. Na gaya masa duk abin da Malam Zacchaeus ya ce, ban rage ba. Ya lumshe ido yana saurare. Ya ce, “Rabi ruwa, rabi tudu. Ashe magini na. Shi ya sa ya kwanta inda ya kwanta.” Ya tambaya ko tana da abokan zama ko ita kaɗai take yawo. Na ce littafin bai faɗa ba.

Sai ya tuna mini ranar da muka bi mahaifinmu kasuwar Jega muka sulale zuwa gulbi. Muna kwance kan yashi sai ga wata dabba ta fito da kifi a baki, jikinta yana sheƙi, ta tsaya ta dube mu kamar mu ne baƙi. Alu ya toshe mini baki da hannu don kada in yi ihu. Hannun yana warin laka da ɗanyar albasa. Ba mu sake ganin irinta ba, kuma da muka faɗa a gida ba wanda ya yarda. Ni na manta ma da warin nan sai yau.

Da zan fito ya ce, “Masinja, yaushe?” Na ce masanin yana hanya.

Talata, 23 ga Maris, da azahar

Zafi. Masanin bai zo ba.

Alhamis, 25 ga Maris, da la'asar

Na buɗe kabad na duba ɗaurin. Yana nan lafiya. Na iske kaina ina gaishe shi, kamar yadda mahaifinmu yake yi. Ba da niyya ba.

Mutanen tunga suna yawan ba da wani labari a kaina, kuma ina son a sami gaskiyarsa a rubuce. Al'adar gidanmu ce idan yaro ya isa, a zura shi cikin rijiyar da ake ginawa don ya saba. An zura Alu ya fito yana cewa a mayar da shi. Ni da aka zura ni, na ɗaga kai na ga sama ta koma kamar faifai, kan mahaifinmu ɗan ƙarami a gefenta. Ana cewa na yi ta kururuwa har aka ji a Birnin Malam. Ba tsoro ba ne, jiri ne. Alu ne ya sauko ta ramukan taka ya goya ni muka fito, yana ce mini in rufe ido in ƙirga awakin Gwaggo. Daga ranar ba a sake zura ni ba. Mahaifinmu ya ce wannan na tudu ne.

Lahadi, 28 ga Maris, bayan la'asar

Na cika kwalba da ruwan famfon ofis na kai wa Alu, domin ruwa ne mai tsabta wanda gwamnati ta tace. An mayar da shi ɗaki daga zaure. Yana hutawa. Ya kurɓa kaɗan don kada in ji kunya, ya ce, “Ruwan ga ba su da uba, ƙanena. Ba a san wa ya gina su ba.”

Na sami Muntari a gindin tsamiya na umarce shi da sunan ofis ya koma aiki, a mayar da dutsen daga baya. Ya ci gaba da gyaran ƙotar digarsa.

“Ofis ɗinku shina da igiya?”

Na ce wannan camfi ne, kuma jinkirin yana cutar da Alu.

“Alu na hwara tambaya. Na ce mu shiga hakanan, ba mai sani. Ya ce shi bai taɓa gina rijiya bisa sata ba, ba ya hwarawa ga ta ƙarshe. Ka tai ka ce mishi camhi na.”

Ban je na ce masa ba.

Litinin, 29 ga Maris, da safe

Ban ci abinci ba. Ba don komai ba, zafi ne.

Laraba, 31 ga Maris, bayan tashi daga aiki

Na tsaya gaban teburin Malam Daniel na cire hula na gabatar da roƙo, a ba ni aron dutsen. Na bayyana masa dokar magina, da ruwan fari, da cewa wana yana hutawa. Ya tambaye ni wace irin hutawa. Na ce irin wadda ake yi.

Ya cire tabarau ya mayar. Ya ce an amsa daga Sakkwato cewa masanin zai zo, amma ba a sa rana ba. Ya ce takarda ta riga ta tafi da sunana, idan aka zo ba a iske dutsen ba, ni za a tambaya, kuma shi ba shi da ikon tsare mini aikina. Sa'an nan ya ce, “Ni ma ina da wa a gida, Kalilu, shekara ta zagayo ban gan shi ba. Ba zan iya ce maka ka kai ba. Makulli dai yana wuyanka.”

Na yi shekaru ina share keken wasu kafin a ba ni nawa. Ranar da na fara sa kaki, Alu ya zagaya da ni tunga gida gida, yana cewa ga gwamnan gidan Usmanu.

Alhamis, 1 ga Afrilu, da azahar

Masanin bai zo ba.

Jumma'a, 2 ga Afrilu, bayan masallaci

Masu zuwa kasuwa sun kawo saƙon Gwaggo. Ta ce in ina da abin da zan kawo wa wana, in kawo.

Na buɗe kabad. Na bi ta Aliero domin Baba Ɗahiru ya kwance ɗaurin. Ya latsa shi ya saurara, ya ce bai nuna ba, majinyacin tsoho ne, ba za a kwance ba. Da na gaya masa inda za a kai shi da dalili, sai ya ɗauki sandarsa ya ce zai raka majinyacinsa, ya kuma gai da Alu. Na tura keken a ƙasa duk inda na ga yashi.

Asabar, 3 ga Afrilu, da la'asar

Da hantsi aka janye ƙayar. Na miƙa wa Muntari dutsen da ɗaurinsa. Ya sa hannuwansa a baya.

“Wanda ya ɗauka shi ka maidawa. Hakanan dokar take.”

Na ce ban taɓa jin wannan sashe na dokar ba.

Gwaggo ta ce, “Ka ji shi yanzu. In ka yi kuwwa ba komi, mutanen Birnin Malam sun saba.”

Na cire kaki na ninke na ɗora kan sirdin keke. Aka ɗaura mini igiya a ƙugu, na rungume dutsen a ƙirji. Warin man shanu ya cika mini hanci. Jar ƙasa ta wuce, marmara ta wuce, sai farar ƙasa mai sanyi. Jirin ya zo kamar yadda na san zai zo. Na rufe ido na shiga ƙirga awakin Gwaggo, waɗanda aka yanka tun ina yaro, na iske ina tuna kowace da kamanninta, har da mai karyayyen ƙaho.

Muntari ya kira daga sama cewa in duba hannun dama. Ga gurbin nan kuwa, da siffar kan a jikin ƙasa kamar an dasa. A gefensa na ga sawun dagin Alu, sara ɗaya bayan ɗaya, a jere, ko rubutuna bai kai su miƙewa ba. Na ce wa dutsen, sannu da zama, mun same ka a nan, ka yi haƙuri da yawon da aka yi da kai. Na zaunar da shi yana duban tsakiyar rijiya. Aka zuro mini duwatsu da kwaɓi na kewaye shi, na bar fuskar a waje.

Ban yi kururuwa ba. Ina son a rubuta wannan. Da na ɗaga kai, sama tana nan kamar faifai, da kawuna a gefenta. Na nemi kan mahaifinmu a ciki, wanda na san ba ya nan.

Muntari ya shiga bayan azahar.

Lahadi, 4 ga Afrilu, da magariba

Ana haƙa. Ni ke jan kwando. Tafin hannuna ya yi kanta ya fashe, alƙalami yana ba ni wuya. Alu ya ce a buɗe ƙofar ɗaki don ya riƙa jin diga.

Litinin, 5 ga Afrilu, da azahar

Ban je ofis ba. Laka ta fara fitowa baƙa. Na kai wa Alu dunƙule ɗaya, ya riƙe a hannu bai saki ba.

Talata, 6 ga Afrilu, bayan la'asar

Muntari ya yi kira daga ƙasa da wata murya, ya ce a zuro ƙwarya. Ta fito rabi, ruwan ja-ja, da ɗan kara yana yawo a kai. Ba wanda ya yi guɗa, Gwaggo ta hana. Aka ba ni na ɗauka da hannu biyu, jama'a suna biye da ni har ƙofar ɗaki.

Baba Ɗahiru ya tallafo Alu zaune. Na kai ƙwaryar bakinsa. Ya yi bisimilla ya kurɓa, ya riƙe a baki, ya haɗiye. Ya sake kurɓa. Muka jira.

Ya ce, “Suna da daɗi. Amma wa ya sa ma rijiyata man shanu?”

Baba Ɗahiru ya ce magani ne, kada a raina. Alu ya yi dariya ba tare da tari ba, karo na farko tun da aka fara wannan al'amari. Ya dube ni, ba kaki, duk laka har gira, ya ce, “An ce kai ka shiga.” Na ce e, Yaya. Ya ce, “Ka ga sama?” Na ce na gani. Ya ce, “Ita ta ka sa a koma.”

Ya miƙo mini sauran ya ce in shanye. Na ce doka ta ce na wanda ya fara sara ne. Ya ce shi ne doka yau.

Laraba, 7 ga Afrilu, bayan azahar

Da ruwan rijiyar munka yi wa Alu wankan da ake yi. Liman ya ja salla, sahu har bakin tsamiya. Munka kai shi kusa da mahaifinmu.

Alu yana hutawa.

Litinin, 12 ga Afrilu, da hantsi

Na koma ofis na ajiye makulli da hula a teburin Malam Daniel. Ya yi mini gaisuwa, ya tura mini hular, ya riƙe makullin. Ya ce masanin zai zo Alhamis, kuma abin da za a yanke a kaina sai bayan nan.

Saboda haka ina sanar da shugabannina, cikin ladabi, cewa dabbar ba ta ɓata ba. Tana Tungar Yaro, cikin ɗaurin sabuwar rijiya, ta hannun dama, sama da ruwa kaɗan. Idan rana ta take, aka haska madubi, ana hango tsumman da fiƙa ɗaya da ta leƙo. Idan masanin yana son ganinta da kyau sai ya sauka, ni zan riƙe masa igiya, ko in riga shi sauka in nuna masa wurin. Sai dai ya gaishe ta, kuma kada ya kwance ɗaurin sai an kira Baba Ɗahiru.

Waɗanda suka ga yadda abin ya gudana, kuma za a iya tambayarsu, su ne Muntari magini na Tungar Yaro, wanda ya riƙe igiya. Da Baba Ɗahiru maɗori na Aliero. Da Gwaggo, wadda ta ce in rubuta cewa ba ta ji kururuwa ba, amma kunnenta ya yi nauyi. Da Malam Zacchaeus na Maiyama, game da littafi kawai. Na farkonsu kuma shi ne Alu ɗan Usmanu Magini, wanda ya fara sara, ya sha ruwan fari, ya ce suna da daɗi. Shi ba za a same shi ba, amma ni na ji da kunnena.